Murabaha, ƙirali, bashin kaya ko adashi: ina ƙaramin ɗan kasuwa a Damagaram zai nemi jari?

Mai shago a Kasuwar Dole da ke son cika kanta kafin azumi, da tela a Zango da keke ɗaya ya daina isar sa, da mai ƙuli-ƙuli a Garin Malam da kuɗin niƙa ke cinye mata abin da take samu, dukansu tambayarsu ɗaya ce: ina za a samu ƙarin jari ba tare da an taɓa kuɗin ruwa ba? Amsar da aka fi ji ita ce a tafi bankin Musulunci. Amsa ce mai kyau ga wasu, ga wasu kuma ɓata sawu ne, domin abin da bankin ke da shi ba shi ne abin da suke bukata ba.

Kafin a yi nisa, kalmar riba tana da fuska biyu a bakin Bahaushe. Akwai ribar ciniki, wadda take halal, akwai kuma riba ta Larabci da aya ta 275 a Suratul Baƙara ta haramta a daidai wurin da ta halatta ciniki. A nan, ta biyun za mu kira ta kuɗin ruwa, don kada a ruɗe. Bankin Musulunci yana cin riba, kuma bai ɓoye ba. Wanda ya shiga da tunanin za a ba shi rance kyauta zai fito da ɓacin rai.

Ma'aunan da za a auna kowace hanya da su

Na farko, halaccin ƙullin kansa: shin saye da sayarwa aka yi da gaske, ko kuɗi aka ba ka a kan ka maido da kuɗi fiye da su? Na biyu, tsada ta gaske, wato jimillar duk abin da zai fita daga aljihunka har ranar biyan ƙarshe, da kuɗin buɗe dosiye da inshora da haraji. Na uku, jingina da takardu. Na huɗu, sauri, domin jarin da ya iso bayan Sallah bai amfani tela ba. Na biyar, kuma shi ne mutane suka fi mantawa da shi: idan kaya suka lalace ko kasuwa ta faɗi, wuyan wa asarar za ta hau? Sai na ƙarshe, ɗorewa, wato ko hanyar za ta girma tare da kai, ko ta shekara ɗaya ce.

Murabaha a bankin Musulunci

Harkar ba baƙuwa ba ce a Nijar. Bankin Musulunci na Nijar, da ake kira BIN a yau, ya samo asali ne tun 1983, ya taɓa ɗaukar sunan BINCI kafin ya koma sunansa na yanzu. A 2018 kuma babban bankin yankinmu, BCEAO, ya fitar da ƙa'idojin da suka ba bankuna da asusun ƙananan rance damar yin harkar kuɗi ta Musulunci, ko dai gaba ɗaya ko ta wani sashe na musamman, da sharaɗin su kasance da majalisar da ke duba dacewar ayyukansu da shari'a. Saboda haka kana da ikon tambayar ma'aikacin banki su wane ne malaman da suka duba yarjejeniyar da zai miƙo maka.

Murabaha ita ce abin da za a fi gabatar maka. Banki ba ya ba ka kuɗi a hannu. Shi zai sayi abin da kake so, ya mallake shi, sannan ya sayar maka da ƙarin riba sananniya, ka riƙa biya wata-wata. Yadda ake bi: ka buɗe ajiya, cinikinka ya riƙa ratsawa ta ciki na wasu watanni don a ga motsinka. Ka je wurin mai kayan ya rubuta maka faktir ta farashi, da sunan kaya da adadinsu. Ka haɗa da katin ɗan ƙasa, da rajistar kasuwanci ta RCCM, da lambar haraji ta NIF. Idan banki ya amince, za ka sa hannu a alƙawarin saye, sau da yawa tare da ajiye wani kaso daga aljihunka. Banki ya biya mai kaya kai tsaye. Sai bayan kayan sun zama nasa ne za a ƙulla ciniki na biyu tsakaninka da shi.

Wannan jerin ba ado ba ne, shi ne ran murabaha. Idan ka riga ka ɗauko injin daga shago, ka fara aiki da shi, sannan ka kawo wa banki faktir don ya biya, to bai sayar maka da komai ba, bashinka ya biya ya ɗora ruwa. Haka idan ka haɗa baki da mai shago ya rubuta faktir ta ƙarya, banki ya tura masa kuɗi, shi kuma ya ƙirga maka su ta bayan gida. Ana yin wannan, kuma wanda ya yi ya ci kuɗin ruwa da hannunsa, ya haɗa da ha'inci. Masu hatsi su ƙara lura: a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a sayar da abincin da aka saya sai an karɓe shi. Gero ko shinkafa ko wake sai sun shiga hannun banki ko wakilinsa, an auna an ƙirga buhu, kafin ya sayar maka.

Ga lissafi na misali, don a ga yadda ake aunawa. Injin niƙa na miliyan ɗaya na sefa, banki ya ɗora ribar jika 80, ya zama miliyan ɗaya da jika 80, a biya cikin wata 12. Kowane wata jika 90 ke nan. A ido, 8 cikin ɗari ne. Amma tun da kana rage bashin kowane wata, ba ka riƙe miliyan ɗin shekara cur ba, kusan rabinsa ka riƙe idan aka daidaita. In aka lissafa shi yadda bankuna ke lissafin shekara, ya kai wajen 14 da rabi cikin ɗari. Da wannan adadin za ka kwatanta shi da tayin wani wuri. A 2014 hukumomin kuɗi na yankin sefa sun sa iyakar abin da za a ɗora wa mai bashi a shekara: 15 cikin ɗari ga bankuna, 24 ga asusun ƙananan rance. Don haka kada ka tsaya a kan "nawa ne ribar", ka ce a rubuta maka jimilla, da kuɗin dosiye, da inshorar kaya, da haraji, da kuɗin notar idan akwai jinginar gida.

Gaskiya ita ce murabaha ba lalle ta fi bashin banki na yau da kullum arha ba, sau da yawa kusan kunnen doki suke. Inda ta yi fice shi ne farashi ba ya motsi. Miliyan ɗaya da jika 80 ɗin nan, ko ka makara wata biyu, ba za su haihu ba. Idan akwai tarar jinkiri a yarjejeniya, ƙa'ida ita ce ta tafi sadaka, ba ta shiga ribar banki. Sai dai kada wannan ya sa ka sake jiki. Da zarar an sayar maka da injin, naka ne, in ya ƙone ko aka sace shi bashin yana nan daram. Jingina ma ana karɓa, kuma ana iya sayar da ita. A nan ne da yawa daga cikin mutanenmu ke tsayawa, domin gidan gado a Birni da ƴan uwa goma ke da haƙƙi a ciki, ko filin da takardar mai gari kawai ke kansa, banki ba zai karɓe shi kamar gida mai cikakkiyar takardar mallaka ba. Kuma ka sa a ranka makonni za a ɗauka, wani lokaci har sai dosiye ya je Yamai ya dawo.

Abu ɗaya da ya kamata a tambaya tun farko: in na biya kafin lokaci, za a rage mini? A murabaha ragin ba wajibi ba ne a kan banki, kyautatawa ce. Ka ji matsayinsu kafin ka sa hannu.

Ijara, ga abin da ke da taya ko inji

Ƴar uwar murabaha ce, amma a nan banki yana riƙe da mallakar abin, kai kana biyan haya, a ƙarshe ya sayar maka ko ya ba ka. Ta dace da adaidaita, motar ɗaukar kaya, firigo, allon hasken rana. Amfaninta biyu: abin da kansa ya tsaya a matsayin babban ɓangaren jingina, kuma idan ya halaka ba da sakacinka ba, hayar ta tsaya, asarar mai shi ce. Babban gyara yana kan mai abu, canjin mai da faci da ƙananan gyare-gyare suna kanka. Ka karanta wannan sashen da kyau, domin idan aka juye maka dukan gyara da dukan asara, sunan ijara kawai ya rage.

Asusun ƙananan rance

Sun fi banki kusa da talaka. Takardu kaɗan ne, ana karɓar lamunin juna na ƙungiya maimakon takardar gida, kuma kuɗin da suke bayarwa daidai ƙaramar sana'a ne. Tsadarsu ta fi ta banki, shi ya sa ma doka ta ba su iyaka mafi tsawo. Yawanci sai ka fara ajiye wani kaso da ba za ka taɓa ba har ka gama biya, wanda ke nufin kana biyan ƙari a kan kuɗin da wani ɓangarensu ke kulle a wurinsu. Mafi yawansu da kuɗin ruwa suke aiki. Wanda ya ce yana da sashen Musulunci, gwajinsa mai sauƙi ne: kaya zai saya ya sayar maka, ko kuɗi zai ƙirga maka ya ce ka maido da ƙari? In na biyun ne, ko da wane suna aka kira ƙarin, ruwa ne. Lamunin juna kuma yana da nasa ciwon: mace ɗaya ta gaza, sauran su biya mata, zumuncin unguwa ya yi tsami.

Ƙirali: jarin ubangida

Wannan ita ce hanyar da fatake suka yi arziki da ita tun zamanin ayari, kuma ita ce bankuna ke kira mudaraba. Malamanmu na zaure sun san ta da ƙirali. Mai kuɗi ya kawo jari, kai ka kawo ƙarfi da sanin kasuwa, a raba riba bisa kason da aka yanke tun farko: rabi da rabi, ko kashi ɗaya cikin uku, yadda kuka shirya. Alhaji ya ba ka jika 500, bayan wata shida aka samu ribar jika 100, a rabi da rabi kowa ya ɗauki 50. In kuwa asarar jika 60 aka yi ba da ganganci ko sakaci ba, Alhaji ya karɓi 440, kai kuma wahalarka ta tafi a banza. Ba ka bin sa, ba ya bin ka.

A ma'aunin asara babu hanyar da ta kai ta sauƙi ga marar ƙarfi, kuma ba a neman takardar gida, amana ce jinginar. Amma abubuwa biyu ke ɓata ta, kuma sun zama ruwan dare. Na farko, mai jari ya ce "ka riƙa kawo mini jika 20 duk wata, sauran naka ne". Wannan ba ƙirali ba ne, domin an yanke adadi maimakon kaso. Na biyu, ya ce "uwar kuɗina dai kada ta taɓu ko me ya faru". Da zarar an lamunce jari, ya koma rance, ribar da zai karɓa kuma ta zama ruwa. A Malikiyya ana kuma son jarin ya kasance kuɗi ne sanannu. Idan atamfa ko buhunan sukari ya ba ka, ya fi tsabta ya sayar maka da su bashi a kan farashi ɗaya.

Ta wajen tsada, ƙirali na iya fin kowace hanya cin kuɗi idan sana'arka tana kawowa sosai. Jarin miliyan ɗaya da ya haifi jika 400 a shekara, rabin Alhaji jika 200 ne, alhali a misalin murabaha na sama jika 80 za ka bayar. Abin da kake saye da wannan bambancin shi ne kwanciyar hankali ranar da kasuwa ta juya baya. Rigimarta kuwa kusan kullum daga wuri ɗaya take tasowa: aljihu ɗaya ga shago da gida. Kuɗin cefane, gudunmawar biki, ragon suna, duk daga cikin ciniki, ranar lissafi a ce ba a ci riba ba. Maganinsa littafi ne da biro. A rubuta jari da kaso da ranar lissafi a gaban shaidu biyu, a ƙirga kaya duk ƙarshen wata, abin da ka ɗauka don gida a rubuta shi a matsayin abin da ka ci daga kasonka. Wanda ya ga neman rubutu kamar rashin yarda ne, a tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Bashin kaya daga babban ɗan kasuwa

Shi ne mafi sauri. Da safe ka ɗauki kwali goma, in ka sayar ka kawo kuɗi. Halal ne a sayar bashi da farashin da ya fi na hannu, muddin an tsaya a kan farashi ɗaya kafin a rabu, kuma ba za a ƙara ba idan ka makara. Tsadarsa ce ke ɓoye. Kwalin da ake sayarwa jika 10 hannu da hannu, aka ba ka a jika 10 da rabi na mako biyu, ƙarin 5 cikin ɗari ne. Ƙaramin abu ne a ido, amma in haka kake yi duk mako biyu, sau 26 ke nan a shekara, ka biya fiye da kuɗin kwalin kansa a ƙari kawai. Ga kuma ɗaurewa: ba ka iya zuwa wurin wanda ya fi arha, kuma wani lokaci kayan da suka kwanta masa ne zai tura maka.

Masu ɗauko kaya daga Kano ta Magarya ko Matamaye su yanke tun farko da wane kuɗi za a biya, naira ko sefa, domin canji na iya cinye ribar tafiya guda. Su kuma tuna an rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023. Duk bashin da biyansa ke tafiya da kalanda, na banki ne ko na ɗan kasuwa, ba ya jiran a buɗe iyaka.

Adashi da asusun mata

Mutum 20, kowa jika 5 a mako, kwasa jika 100, zagaye ya cika a mako 20. Babu ƙari, babu takarda. Iyakarsa ke nan kuma: ba ya wuce ƙarfin masu zubi, kuma mai kwasar ƙarshe ajiya kawai ya yi. Haɗarinsa uwar adashi marar amana, ko wanda ya kwasa da wuri ya daina zubi. Tsarin Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maradi a 1991, ya ƙara wa abin tsari da akwati da shaidu, sai dai rancen da ake ɗauka daga akwatin galibi ana maido shi da ƙari. Ƙungiyar da ke son kauce wa hakan tana iya sayen buhun gyaɗa ko tunkiya da kuɗin akwati ta sayar wa mamba bashi da riba sananniya. Murabaha ce ƙarama, a tsakar gida.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Me ake ba ka | Tsada | Jingina | Sauri | Asara a kan wa |
|---|---|---|---|---|---|
| Murabaha | Kaya ko inji | Matsakaiciya, ba ta ƙaruwa | Mai nauyi, da takardu | Makonni | Kai, bayan an sayar maka |
| Ijara | Abin hawa ko inji | Matsakaiciya | Abin da kansa, da ɗan ƙari | Makonni | Banki, in ba sakacinka |
| Asusun ƙananan rance | Yawanci kuɗi | Mai yawa | Lamunin juna, ajiya | Kwanaki zuwa makonni | Kai da ƙungiya |
| Ƙirali | Kuɗi | Kason riba | Amana | Ya danganta da mai jari | Mai jari |
| Bashin kaya | Kaya | Ƙarama a ido, babba a shekara | Sanayya | Nan take | Kai |
| Adashi | Kuɗi kaɗan | Babu ƙari | Sanayya | Sai layi ya zo | Masu zubi |

Wa ya dace da wace

Idan abin da kake so inji ne da zai yi shekaru yana aiki, kamar injin niƙa, keken ɗinki na zamani ko injin walda, kana da rajista, kuma kuɗi na shigo maka kowane wata, murabaha ce taka. Ka auna da watan da kasuwa ta fi mutuwa: in biyan wata ya haura kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke rage maka a irin wannan watan, ka rage girman abin ko ka nemi a tsawaita lokaci. Mai son adaidaita ko firigo ba shi da takardar gida, ya fara tambayar ijara.

Idan kuɗin hannu kake bukata, na biyan yaran shago ko hayar rumfa ko kuɗin mota da duwan, murabaha ba ta da abin da za ta saya maka, kuma nan ne ake faɗawa faktir ta ƙarya. Ka nemi ƙirali ko abokin tarayya. Haka saurayin da ya gama koyon sana'a a hannun ubangidansa, ba shi da komai sai hannunsa da sunansa: ƙirali a rubuce.

Mai turkar raguna don Layya, da duk wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, kada ya karɓi biyan wata-wata. Ko dai murabaha da biya ɗaya bayan an sayar, ko ƙirali. Manomin wake ko gyaɗa a karkarar Mirya da Kance da ke neman kuɗin iri da taki, akwai salam: mai saye ya biya kuɗi duka yanzu, a kan tiya kaza na wake iri kaza, a kawo a wata kaza bayan kaka. Ba a ɗaure shi da gona ɗaya, kuma in damina ta gaza, mai saye ya jira ko ya karɓi kuɗinsa yadda ya bayar ba ƙari. Mai ƙuli-ƙuli da ke da ɗan abin hannu tana iya zama ita ce mai sayen, ta tanadi gyaɗarta tun kafin ta yi tsada.

Mai tebur da kayansa ke ƙarewa cikin kwana uku ko huɗu, bashin kaya ya ishe shi a yanzu, amma ya haɗa da adashi, kwasar farko ta tafi wajen sayen kwali biyu ko uku da kuɗi hannu. In cinikin ya kai ya buɗe ajiya a banki, ya riƙa zuba shi ciki ko da zai cire washegari, domin takardar motsin ajiya ta wata shida ko shekara ita ce abin da ma'aikacin banki zai fara buɗewa ranar da aka zo maganar murabaha.